Teku a Ɗakin Kaka Falmata

Nasarawo, Gombe
Lahadi, bayan Ƙaramar Salla

Zuwa ga yayata Yagana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kin isa Maiduguri lafiya, kin kuma samu jikin Baba da sauƙi. Yaya zaman asibiti? Kumburin ƙafar ya fara sacewa? Ki gaishe shi da kyau, ki ce masa autansa ya zama mutumin kirki. Ko bai yarda ba, ke dai ki faɗa.

Tunda an yanke layin waya a can, ga ni na koma rubuta takarda kamar mutanen da. Bappayo direba ne zai kawo miki, mai kai masara Maiduguri duk mako. In kin ga maiƙo a jikinta ba ni ba ne, shi ne ya ci tsire a kai.

Na san abin da idonki ke nema, to kwantar da hankalinki. Kwamfutarki tana nan da ranta, tun da kika kunna ta ko ƙifta ido ba ta yi ba. Tana shagona na cajin waya, a kantar sama, na ɗora ta a kan katako biyu don iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinta. Da rana janareta, in na kashe shi sai batirin mota da inbata su karɓa. Dokokinki kuma na haddace su: kada ta mutu, kada a rufe murfin, kada a taɓa madannai, kada Madu ya kunna fim. Ta ƙarshen nan ta ɓata mini rai, amma na yafe. Ban kuma manta da abin da kika faɗa kina hawaye a tasha ba, cewa in lissafin nan bai ƙare ya isa hannun malamarki Dakta Margaret a Legas kafin ƙarshen wata ba, gurbin karatun da aka ba ki a ƙasar waje wani za a miƙa wa. Ba za a miƙa ba, Yaya. Aikin a hannuna yake.

Kin ce ba zan gane abin da take yi ba. To na zauna na ƙura mata ido, kuma na gane. An yanka teku gida-gida kamar hatimin da Malam ke zana mana a allo, kowane gida da lambarsa. Iska ta buso, igiyar ruwa ta taso, wannan gida ya miƙa wa maƙwabcinsa ruwa da yashi, shi ma ya miƙa wa na gaba, har a kai gaɓa inda ƙauyen masuntan nan naki yake. Sai a wanke allo a sake, gobe da jibi, har shekara hamsin masu zuwa, don a ga iya abin da teku zai ci daga ƙasarsu. Ƙarya na yi? Abin da ban gane ba shi ne ke. Kin tashi a Baga, a bakin Tafkin Chadi, amma ruwan gida bai ishe ki ba sai kin je neman na Yarabawa mai gishiri. Yanzu dai lambar da ke kusurwa ta ce ana shekara ta tara.

Bari in ba ki dariya ki kai wa Baba. Sallau mai aski, maƙwabcin shagona, ya leƙo ya ga shuɗi da ja da ƙananan kibiyoyi suna motsi, ya ce mene ne wannan. Na haɗe fuska na ce na'ura ce mai nuna inda ruwa zai ci. Ya ce har a nan Gombe? Na ce ko'ina a duniya. Kin san ya sayi fili kusa da kwazazzabo, har ya fara gini. Sai na nuna masa wani jan wuri na ce, "Kai Sallau, wannan ba bayan gidanka ba ne?" Wallahi mutum ya bari a kujera da rabin kai a aske, ya tare acaɓa ya tafi dubawa. Mai rabin kan ya biyo shi har titi da tawul a wuya, yana kiran sunansa.

Kaka Falmata tana nan lafiya a gida, kullum muna fama. Ta ce miji irina da ba ya kawo cefane sai surutu, in ba ta takardarta. Na ce amarya ta yi haƙuri, a duk Tumfure ba wanda zai kwashe ta in ba ni ba.

Allah ya ba Baba lafiya, ya dawo mana da ku.

Ƙaninki, mai gadin teku,
Madu

*

Tumfure, Gombe
Asabar

Yaya Yagana,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin Baba, yaya hidima? Takardarki ta iso. Na ji daɗi da kika ce har ya fara zama yana shan kunu da hannunsa. Faɗan da kika yi mini a kan Sallau kuma na karanta shi sau biyu. Rubutunki ya fi kyau in kina fushi.

Kin ga na rubuta Tumfure a sama, ba Nasarawo ba. Kada gabanki ya faɗi, kwamfuta lafiyarta ƙalau. Ƙaura kawai muka yi, ni da ita.

Sallau ya je ya samu gininsa a tsaye, amma maimakon ya zo mu yi dariya, sai ya ce ai na'urar gaba take hangowa, kuma ya ba duk wanda ya zauna a kujerarsa labari. Kafin kwana uku shagona ya zama kamar gidan mai duba. Wannan ya ce in duba masa gonarsa, wata ta ce in duba mata gidan surukarta, kuma daga yadda ta yi tambayar na san amsar da take so. Na rantse musu wasa nake, teku ne na can Kudu. Suka ce ɓoyewa nake yi.

Shekaranjiya sai ga mai unguwa da kansa. Ya ja ni gefe, ba faɗa, ya ce, "Ɗana, kai ɗan Barno ne, ga taswira a kwamfuta, ga kibiyoyi, ga taro a ƙofarka. A wannan zamani ba sai na ƙarasa maka ba. Ka ɗauke ta yau." Na so in yi masa raha, na duba fuskarsa, na haɗiye.

To yaya ake ɗauke abin da ba a kashewa, ba a rufewa? Na cire waya, ta koma kan batirinta, wanda kika ce ba ya daɗewa. Na rungume ta a buɗe a kan cinya kamar mai kai jinjiri asibiti, batirin mota da inbata a ƙafata, na ce wa mai keke ya bi a hankali amma ya yi sauri. Ya waigo ya ce in zaɓi ɗaya.

A shingen da ke hanyar fita gari aka tsayar da mu. Sojan ya leƙo, ya ga abin, ya ce in sauko. Ya ce mene ne. A karon farko a rayuwata na faɗi gaskiya tsantsa, na ce teku ne. Ya ce teku a Gombe? Ya kira ɗan'uwansa, suka tsaya suna kallo, ni kuma ina kallon alamar batiri tana raguwa. Ɗayan ya ce in kashe ta in buɗe jaka. Na ce jaka dai ga ta, amma in na kashe wannan, yayata za ta yi mini abin da ya fi na bindiga. Bai yi dariya ba. Allah ya taimake ni, katinki na makaranta yana cikin aljihun jakar, da hotonki mai kumburarren kumatu. Suka duba kati, suka duba ni, suka ce lallai akwai kama, mu wuce. Kin ga amfanin kumatun gidanmu.

Mun iso gida alamar batiri ta yi ja. Na maƙala waya da takalmina a ƙafa, a tsakiyar ɗakin Kaka, abin da ba a taɓa yi ba. Ɗakinta na zaɓa don ya fi sanyi kuma yara ba sa shiga. Na kawo ƙaramin janareta na ajiye a bayan taga. Ta yi ta mita, ta ce na kawo mata baƙuwa mai warin fetur. Gaskiyarta, kwana da kwanaki a shagona, ko ni warin nake.

Ana shekara ta ashirin da shida. Bakin ruwan ya matso, amma ɗigon gidajen suna nan a kan tudu. Ki yi barcinki, ki kula da Baba.

Naki,
Madu

*

Tumfure, Gombe
Juma'a da yamma

Yayata Yagana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ki zauna kafin ki ci gaba, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki fara kiran sunana.

Kwamfutar ta mutu yau. Ta kuma tashi. Yanzu haka tana aiki, ina jin hucinta ina wannan rubutu.

Kin san Kaka da Juma'a. Ba abin da ke kwana a ɗakinta bai sha turaren wuta ba, daga labule har buta. Na tafi masallaci na bar komai daidai. Ashe tun ranar da na kawo kwamfutar abin ke cin ta. Ta ji na ce daga nan aikin Legas za shi, wurin malamarki, ita kuma a tunaninta kwamfutar ce gaba ɗaya za a kai. Ta ce ba za a kai kayan jikarta gaban babbar mace yana warin janareta ba, a ce 'yan Barno ba su san turare ba. Sai ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turarenta mai kyau, wanda ta fito da shi daga Baga a ƙulle a bakin zane, wanda ko ranar salla ba ta taɓa shi ba. Ta kifa kabbasa, kwandon turaren nan nata, a kan kaskon kamar yadda take turara kaya, ta ɗauki kwamfutar a hankali ta ɗora a kai, ta lulluɓe da bargo don hayaƙin ya kama sosai.

Ki lura, Yaya, ba ta karya dokarki ko ɗaya ba. Ba ta cire waya ba, ba ta rufe murfi ba, ba ta taɓa madannai ba, ba ta kunna fim ba.

Na dawo na ji ƙamshi tun daga ƙofar gida. Na yaye bargo. Fuskar kwamfuta baƙa ƙirin, jikinta kamar dutsen guga. Ana shekara ta talatin da takwas sa'ad da na fita. Ba zan ɓoye miki ba, a ƙasa na zauna. Kaka ta tsaya da murmushinta tana jiran yabo, ta ga fuskata, murmushin ya tafi. Ta ce, "Madu, na kashe ta ne?" Ta zauna a bakin gado, ta ce ita dai so take a mutunta ki.

Kin ce in ta mutu shi ke nan, sai daga farko, kuma daga farko ba za a kai ƙarshen wata ba. Ke ba waya, Bappayo sai Lahadi. Na tuna lambar Dakta Margaret tana cikin wayata tun ranar da kika ari wayar kika kira ta. Na fita bayan gida na harhaɗa ɗan Turancin da nake da shi, na maimaita wa akuyar maƙwabta sau uku, sannan na kira. Ina cikin gud aftanun ma, ta ce, "Kai, yi Hausa, ni 'yar Kaltungo ce." Haba Yaya! Shekara nawa kina tare da matar nan ba ki taɓa gaya mini 'yar gida ce ba?

Na ba ta labari tun daga kasko har bargo. Ta yi shiru, na ɗauka layi ya yanke, ashe dariya ce ta hana ta magana. Da ta dawo ta ce zafi ne ya sa ta kashe kanta don kada ta ƙone, in bari ta huce. Ta kuma ce ba daga farko za a koma ba, lissafin yana ajiye alama duk shekara goma, kamar mai tilawa da ya kakare, ba Fatiha yake komawa ba, farkon izun yake komawa. Na ce amma Yaya ta ce shi ke nan. Ta ce ko ita ce za ta bar mini kaya, haka za ta faɗa. Na gode, na ji.

Da ta huce na kunna. Dakta na faɗa mini abin da zan danna harafi bayan harafi, ina rubutawa a takarda tukuna, in karanta mata, sannan in danna. Na farko ya ƙi, na biyu ya kama. Teku ya dawo, a shekara ta talatin.

Ga inda muke. Shekara takwas sun tafi, sai an sake su. Dakta ta ce 'yan kwanakin da kika bari na ko-ta-kwana sun ƙare kaf. In ba a sake tsayawa ba, zai ƙare a ranar ƙarshe ta wata. In an sake, ba abin da za ta iya yi miki, don ba ita ke da ranar ba. To ba za a sake ba. Na rufe shago, na bar wa Sallau makulli ya riƙa miƙa wa mutane wayoyinsu, tunda shi ya jawo rabin wahalar.

Kada ki yi wa Kaka faɗa a takarda, ni zan karanta mata kuma ba zan karanta ba. Tun ɗazu ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta zauna gaban kwamfutar da mafici tana yi mata fifita. Na ce akwai fanka. Ta ce fanka ba ta yi laifi ba.

Ƙaninki da bai karaya ba,
Madu

*

Tumfure, Gombe
Asabar, ƙarshen wata

Zuwa ga Yagana, 'yar gidan Baba, mai shirin hawa jirgi,

Assalamu alaikum. Yaya Baba? Bappayo ya ce ya gan shi yana takawa da sanda a farfajiyar asibiti. Alhamdu lillahi.

An gama. Yau da hantsi lambar ta kai hamsin ta tsaya, kibiyoyi suka daina motsi. Na kira Dakta, ta nuna mini abin da zan kwafa a filas, na hau keke zuwa wani kafe a Kumbiya-Kumbiya. Intanet ɗinsu tafiyar hawainiya take, na yi ta zufa ina yi wa layin da ke cika kirari, har mai kafen ya ce in yi shiru ko in fita. Kafin la'asar Dakta ta kira ta ce ya iso, ta buɗe, komai cif, ta miƙa inda ake miƙawa. Gurbinki naki ne, Yaya. Tsarabata agogo, kada ki kawo mini littafi.

Saura maganar Kaka, ita ta ce lallai in rubuta.

Duk kwanakin nan ba ta bar gaban kwamfutar ba sai don salla. Tana fifita tana tambaya, ina amsawa, kuma ban yi mata wasa ba ko sau ɗaya. Na nuna mata shuɗin ruwa ne, ɗigon nan gidajen masunta ne, mutane na gaske masu kwale-kwale da raga irin namu. Tana zaune ruwa ya ci layin gidajen farko. Ta ajiye mafici. Bayan kwana biyu ya ci na biyu. Da aka kai ƙarshe, ɗigo kaɗan ne suka rage a kan tudu. Ta ce yaushe wannan ya faru ba mu ji a rediyo ba. Na ce bai faru ba tukuna, yau suna nan a gidajensu suna shanya kifi, abin da ke zuwa ne in ba a yi wani abu ba.

Ta sake duban ɗigon da suka rage. Sannan ta ce, "To an gaya musu?"

Na ce za a rubuta rahoto, a kai ofis. Ta ce ba ta tambaye ni ofis ba. Ta ce in rubuta miki haka, ba ƙari ba ragi: "Yagana, mu ba wanda ya gaya mana. Na fito daga Baga da takalmi ƙafa ɗaya, tukunyata na kan murhu. Ke kin san nasu tun da sauran shekaru. Kafin ki hau jirgin nan ki je da ƙafarki ki zauna da matan garin, ki faɗa musu da bakin da za su ji, su zaɓi wuri a natse, su kwashe har tsintsiya."

Da na dawo daga kafe na zo kashe kwamfutar, ta riƙe mini hannu. Ta ce ba za a kashe a bar mutane cikin ruwa ba. Na sake kiran Dakta, na ce ta yi haƙuri, ga abin da ake ciki. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta nuna mini yadda ake mayar da hoton baya. Na yi ta dannawa, ruwa na janyewa, gidaje na fitowa layi bayan layi, har muka dawo bana, kowa a kan busasshiyar ƙasa. Kaka ta matso da fuskarta ta duba su sosai. Ta ce, "Yauwa. Yanzu suna da lokaci. Kashe."

Na kashe. Ɗakin ya yi tsit, mu biyu muna zaune.

Ki ba Bappayo amsar saƙon Kaka, tana jira. Ki gaishe da Baba, ki ce masa ya yi sauri ya warke, gidan ya yi mana girma.

Ƙaninki,
Madu